Tambayoyi da amsoshi kan littafin The Enemy na Charlie Higson

Wane irin labari ne?

Labarin matasa ne da marubuci ɗan Ingila, Charlie Higson, ya fitar a 2009, kuma shi ne na farko cikin jerin littattafai bakwai da aka kammala a 2015. A Landan labarin yake, bayan wata cuta ta ɓulla a duniya ta kama duk wanda ya haura shekara 14. Mafi yawa sun mutu, sauran kuma hankalinsu ya gushe suka koma farautar yara don ci. Labarin ya fara ne wajen shekara guda da ɓullar cutar, inda wasu yara suka mayar da kantin Waitrose na unguwar Holloway mafakarsu.

Manyan nan gawarwaki ne da suka tashi?

A'a, suna da rai, marasa lafiya ne. Jikinsu duk maruru da gyambo, hasken rana na wahalar da su, shi ya sa suke laɓewa a wurare masu duhu kamar hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke kashe mutum yana kashe su. Yaran ma ba sa ce musu dodanni, iyaye maza da iyaye mata suke kiransu, kuma wannan ya fi jinin da ake zubarwa tayar da tsigar jiki.

Me ya sa yake riƙe mai karatu?

Marubucin ba ya tausayin kowa. Arran, shugaban yaran, wanda kowa zai ɗauka shi ne gwarzon labarin, ya mutu tun tafiya ba ta yi nisa ba, ragama ta koma hannun mataimakiyarsa Maxie. Daga nan ba wanda za ka ce zai kai ƙarshe.

Amma ƙarfin littafin na gaske yana wajen abinci da mulki. Gwangwanayen abinci na ƙarewa, masu fita nema suna dawowa ba su cika ba. Sai ga wani yaro, Jester, da albishir cewa akwai tsaro da gona a Fadar Buckingham. Yaran Waitrose suka haɗa kai da abokan hamayyarsu na kantin Morrisons suka ratsa gari a ƙafa. Da isarsu suka tarar da David, shugaban yaran fadar, wanda ke ba da abinci amma yana so su zama sojojinsa, su kori wasu yara daga lambun St James. Nan labarin ya fi daɗi, domin cin tuwon David na nufin yi masa biyayya.

Ina ya gaza?

Sunaye sun yi yawa a surorin farko, har wasu kan mutu mai karatu bai gama tantance su ba. Ba a kuma bayyana asalin cutar a wannan littafi. Labarin ƙaramin Sam, wanda manya suka sace ya yi ta gwagwarmaya shi kaɗai, yana da kyau ƙwarai, sai dai yana katse babban labarin a daidai lokacin da ya ɗauki zafi.

Ya dace da ƙananan yara?

Ban da 'yan firamare. Akwai cin naman mutum, kuma yara na mutuwa ƙiri-ƙiri. Ɗan sakandare zai iya, Turancinsa mai sauƙi ne, surorin gajeru.

Da wanne za a fara?

Da wannan ɗin. Na biyu, The Dead, na 2010, ya koma baya ne zuwa farkon ɓarkewar cutar da wasu yara daban, don haka ba a cikinsa za a ji yadda Maxie ta ƙare ba.