Ma'anar RMS: wat nawa amfilifayar mota ke bayarwa a zahiri?

Kwanakin nan tallar kayan sautin mota ba ta da wata magana sai ta wat. Za ka ji an ce wannan amfilifaya wat 2000 ce, waccan kuma 3000, kamar girman lambar ne ke nuna ingancin na'urar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake haɗa ma'auni biyu mabambanta a kira su da suna ɗaya.

Lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wadda akan rubuta Max ko Peak kusa da ita, ƙarfi ne da na'urar ke iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido kawai. RMS kuwa shi ne ƙarfin da take iya riƙewa ba yankewa ba tare da sautin ya gurɓace ba, kuma a ganina shi kaɗai ya cancanci mai saye ya duba. Ƙa'idar CTA-2006 ta Amurka ta tanadi a auna shi a kan bolt 14.4, da sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta), kuma gurɓacewar sautin kada ta wuce kashi 1 cikin 100.

Wanda ke shakka ya dubi fis ɗin amfilifayar, domin shi ba ya ƙarya. Ana samun wat ne idan aka ninka bolt da amfiya. Idan injin mota na aiki, wutarta kan kai bolt 14.4, saboda haka fis mai amfiya 30 ba zai bar na'urar ta ci gaba da jan abin da ya zarce wat 432 sosai ba. A cikin wannan ma wani kaso yana tafiya a zafi, mai yawa a nau'in amfilifayar da ake kira ajin AB, kaɗan a nau'in da ake kira ajin D. To, a amfilifaya mai irin wannan fis, daga ina wat 2000 zai fito?

Ko wat na gaskiyar ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, tunda ninka shi biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti. Abin da ya fi muhimmanci shi ne RMS na kowace tashar amfilifayar, wato kowace mafitar da ake jona sifika, ya yi daidai da RMS na sifikar da za a jona mata, a kan om iri ɗaya. Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa fiye da ƙarfinta takan yanke kan sautin, kuma wannan gurɓataccen sauti ne ke yawan ƙona ƙananan sifikun da ke fitar da siririyar murya.