Hanji ma da jijiyoyinsa: tambayoyi da amsoshi

Wai da gaske ne hanji yana da ƙwaƙwalwarsa?

Ba ƙwaƙwalwar tunani ba ce, amma maganar tana da tushe. A cikin bangon hanyar abinci, tun daga maƙogwaro har dubura, akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100 a saƙe kamar raga. Ragar hawa biyu ce. Georg Meissner ya gano wadda ke kusa da fatar cikin hanji a 1857, ita ke kula da ruwan da hanji ke fitarwa. Leopold Auerbach kuma ya bayyana wadda ke tsakanin tsokoki a 1862, ita ke tura abinci gaba. Dukansu Jamusawa ne.

Ta yaya aka san yana aiki da kansa?

A 1899 William Bayliss da Ernest Starling, a Landan, suka yanke jijiyoyin da ke haɗa hanjin kare da ƙwaƙwalwa da laka. Hanjin bai fasa aiki ba: ya matse ta bayan abinci, ya saki ta gabansa. A 1917 Paul Trendelenburg ya ciro guntun hanjin ɓeran masar ya sa a ruwa mai ɗumi, ya ga yana wannan motsi shi kaɗai.

To ƙwaƙwalwa ba ruwanta ke nan?

Da ruwanta. Jijiyar vagus ce babban layin da ke tsakaninsu, kuma akasarin saƙonnin da ke bi ta cikinta daga ciki suke hawa sama. Idan Bahaushe ya ce hanjin cikinsa ya kaɗa, ko cikinsa ya ɗuri ruwa don tsoro, ba salon magana kawai ba ne, abin da jiki ke yi ne ya faɗa.

Me ke faruwa idan aka haifi yaro babu waɗannan jijiyoyi?

Nan ne abin ya fi damuna. Cutar ana kiranta Hirschsprung, da sunan likitan yara na Kofenhagen da ya bayyana ta a 1886. Tana samun kusan jariri 1 cikin 5,000, kuma maza sun fi mata kamuwa da ita kusan sau huɗu. Tun a cikin mahaifa ƙwayoyin jijiya ke gangarowa daga sama zuwa ƙarshen hanji. Idan suka tsaya a hanya, guntun da ya rage sai ya zauna a ƙulle, kashi ya taru a bayansa.

Alamar farko tana cikin tsumman jariri. Baƙin kashin nan mai danƙo ya kamata ya fito cikin kwana ɗaya, in ya yi jinkiri biyu. In ya wuce awa 48 babu shi, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, jariri ya ƙi nono ko ya yi amai kore, maijego da kakarsa su nufi asibiti a ranar. Jiƙo da tsime ba sa dasa jijiyar da babu ita, jinkiri kuwa na iya jawo kumburin hanji mai kisa. Likita kan ɗebi ɗan nama daga dubura a duba. In an tabbatar, sai tiyata: a yanke guntun da babu jijiya, a jawo mai lafiya a haɗa da dubura, hanyar da Orvar Swenson ya buɗe a Boston a 1948. Yawancin yaran suna girma lafiya.

Manya fa?

Ciwon suga da ya daɗe yakan lalata jijiyoyin tumbi, mutum ya ƙoshi da loma kaɗan, abinci ya kwana bai sauka ba. A Kudancin Amurka cutar Chagas tana cinye jijiyoyin hanji har ya buɗe ya zama ƙato. Masu cutar Parkinson kuma da yawa sukan yi shekaru suna fama da taurin bayan gida kafin hannu ya fara rawa, shi ya sa wani masani, Heiko Braak, a 2003 ya kawo ra'ayin cewa cutar na iya farawa daga hanji. Har yau ana muhawara a kai.

Ina bincike ya dosa yanzu?

Burin da aka fi sa wa ido shi ne dasa sababbin ƙwayoyin jijiya a inda babu su, maimakon yanke hanji. An gwada a kan ɓeraye, ƙwayoyin sun kama, hanjin ya ƙara motsi. Bai zama maganin da ake yi wa mutane a asibiti ba tukuna.