Tambarin halal a Malesiya: abin da doka ta ce kafin ka zauna cin abinci

Baƙo Musulmi da ya sauka Kuala Lumpur yakan saki jiki, tunda ƙasar Musulmi ya zo. Sai dai akwai ɗimbin Sinawa da Indiyawa 'yan ƙasa, kuma gidajen abincinsu na jere da na Musulmi a titi ɗaya.

A 2011 Malesiya ta yi dokar bayanin hajar kasuwanci, ta kuma fitar da umarni biyu a ƙarƙashinta game da kalmar halal. Na farko ya fayyace ma'anarta: ban da rashin alade da giya, sai an duba yanka, da tsarkin tukwane da wuƙaƙe, da inda ake ajiye kayan. Na biyu ya ce ba mai ikon ba da takardar shaida sai JAKIM, hukumar tarayya mai kula da harkokin Musulunci, da majalisun addinin Musulunci na jihohi. Kayan da aka shigo da su kuwa, sai da shaidar hukumar wajen da JAKIM ta amince da ita. Duk wanda ya liƙa tambarin ba da izini ba yana fuskantar tara ko ɗauri.

Inda mutane ke rikicewa shi ne, neman takardar ba dole ba ne. A 2024 an yi ta muhawara kan a tilasta wa gidajen da ba sa sayar da alade da giya, amma majalisar ministoci ta bar abin a kan zaɓi. Shi ya sa za ka tarar da baiwar Allah Musulma tana sayar da nasi lemak (shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa) a bakin hanya ba takarda, abincinta kuma lafiya lau. Haka za ka ga allon da aka rubuta "No Pork, No Lard", wato babu nama ko kitsen alade. Wannan allo ne na fi jiye wa baƙo. Maganar mai shago ce kawai, bai ce komai kan wanda ya yanka kazar ba, ko giyar shinkafa da wasu ke ɗigawa a miya.

Ka nemi tambarin gaskiya: da'ira mai tauraro mai tsini takwas, da "halal" da Larabci a tsakiya, da sunan Malesiya. Takardar tana da wa'adi, don haka ka duba ranar ƙarewarta, ko ka bincika sunan shagon a shafin JAKIM na intanet. A otal kuma kicin ake ba wa shaida, saboda haka ka tambayi wanne daga gidajen abincinsa ke da ita.