Lambun makaranta a jihar Maradi

Lambun makaranta, ko garkar lakwal kamar yadda aka fi faɗa a Nijar, wani ɗan fili ne da ake warewa a harabar makarantar firamare ko ta renon yara domin ɗalibai su koyi shuka, dashe da ban ruwa. A jihar Maradi yawanci aikin rani ne. Shekarar karatu tana farawa a watan Oktoba ta ƙare a Yuni, damina kuwa daga Yuni ne zuwa Satumba, saboda haka lokacin da ruwan sama yake zuba yara suna hutu, da yawansu ma suna gonakin iyayensu.

Tarihi

Noma a makarantar boko ya samo asali tun zamanin mulkin mallakar Faransa. A farkon shekarun 1930, lokacin da Jules Brévié yake gwamna janar na Afirka ta Yamma ta Faransa (1930 zuwa 1936), aka ƙarfafa tsarin makarantun karkara, inda ake haɗa wa makaranta gona, yara su raba yininsu tsakanin aji da hauya. Brévié ya san Nijar, domin ya riƙe ta a shekarun 1920. Tsarin bai samu karɓuwa ba a wurare da dama: iyaye sun ga ba su rasa mai koya wa ɗansu noma a gida ba, wasu kuma sun ɗauke shi wani salo na aikin tilas. An yi watsi da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Fari ne ya dawo da maganar. Bayan yunwar 1973 da 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama kuma ranar dashen itatuwa, tun daga 1975. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maradi, wanda ya fitar da abin da ake kira Alkawarin Maradi. Damina ta sake gazawa a wannan shekarar, hukuma ta dage wajen kiran jama'a zuwa noman rani. Wajen wannan lokaci ne, a cikin shekarun 1980, ayyukan hannu da na samar da amfani, waɗanda malamai ke kira APP, suka samu gurbi a jadawalin firamare, lambu kuma yana cikinsu tare da kiwo da sana'ar hannu.

Akwai wani abu da ya faro a yankin Maradi wanda ya shafi yadda ake koya wa yara batun itace. Daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka fara barin tohon kututturan da ke cikin gona, ana sassabe su a bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su girma. Ana kiran dabarar sassaben zamani. Ta fi dashe arha nesa ba kusa ba, kuma ba ta buƙatar ban ruwa, abin da ya dace da makarantar ƙauye da ba ta da rijiya.

Yadda ake aikin

Ana raba aikin gwargwadon shekaru. 'Yan ajin farko da na biyu ba a ba su kayan aiki masu kaifi. Nasu shi ne tsince duwatsu da leda, zuba ƙasa a gwangwanin tumatir da aka huda gindinsa, saka ƙwayar wake ko gyaɗa, da duba ta kowace safiya. Wake ya fi dacewa da su domin yana tsiro cikin 'yan kwanaki, kafin yaro ya manta da abin da ya shuka. Manyan ɗalibai su ne ke haƙa komi, su cakuɗa ƙasa da takin awaki da toka, su ja ruwa, su yi dashe da yamma idan rana ta yi sanyi.

Malami yakan shigar da darussan aji cikin aikin. Ana auna tsawo da faɗin komi da igiya, a ƙirga layuka, a rubuta ranar shuka a allo, sannan a riƙa gwada tsayin tsiro da tsinke mako-mako.

Abin da aka fi shukawa a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne salati, kabeji, tumatir, albasa da karas. Zogale yana da matsayi na musamman, domin yankin Jiratawa da Tibiri a kwarin Gulbin Maradi ya yi suna wajen nomansa, irinsa ba ya wuyar samu, yana saurin girma, kuma yara sun san ganyensa a kwaɗo da ƙuliƙuli. A tsakar makaranta an fi dasa dogon yaro saboda inuwa.

Matsaloli

Ruwa ne babba. Ruwan saman Maradi kimanin milimita 500 ne a shekara, ƙasar jigawa kuma ba ta riƙe danshi, sai an yi ban ruwa safe da yamma. Daga Maris zafi yakan ƙone abin da ya rage. Na biyu dabbobi: makarantu da yawa ba su da katanga, shingen ƙaya ko darnin kara kuwa ba ya hana akuya. Dashen itatuwa na ranar 3 ga Agusta yana faɗowa ne a tsakiyar hutu, idan ba a sami mai gadi ko maƙwabcin da zai kula ba, kaɗan ne ke kaiwa Oktoba.

Ana da saɓani kan ko aikin yana cinye lokacin karatu, da kuma inda kuɗin kayan lambun da aka sayar yake shiga.

A yau

Lambunan sun fi yawa a makarantun da ake ciyar da ɗalibai, inda amfanin yake shiga tukunyar makaranta. Kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye ke ciki, shi ne yakan ɗauki nauyin shinge da iri.