Lambobin yabo na cibiyoyin fasaha a Landan

Lambar yabo ta cibiyar fasaha wani faifai ne na zinariya, azurfa ko tagulla, mai siffar kwabo amma ya fi shi girma da kauri, wanda makarantar zane, ƙungiyar magina ko ta makaɗa ke sa a ƙera don saka wa gwani ko tunawa da wata rana. Ba a kashe ta kamar kuɗi. A Landan al'adar ta kafu ne a ƙarni na 18, kuma tarihin zanenta galibi tarihin tambaya ɗaya ne: fuskar wa za ta hau gaba, me kuma za a sa a baya.

Asali

Akan jingina farkon wannan sana'a a Turai ga Pisanello, mai zane ɗan Italiya, wanda ya yi lambar Sarkin Rumawa John na 8 a wajen 1438. Shi narka ƙarfe yake yi ya zuba a mazubi. Masu ƙira na baya sun koma bugawa da hatimin ƙarfe, yadda ake buga tsabar kuɗi, abin da ya sa ake iya fitar da ɗaruruwa iri ɗaya.

Royal Academy

An kafa Royal Academy, cibiyar masu zane da sassaƙa mai makarantar ɗalibai, a 1768 da yardar Sarki George na 3, Joshua Reynolds ne shugabanta na farko. Nan da nan aka shirya gasar ɗalibai, kuma Thomas Pingo, ma'aikacin gidan buga kuɗin Ingila, ya sassaƙa hatiman a wajen 1770. Gaba fuskar sarki ce, domin shi ne uban gida. Baya kuwa nan ne makarantar ta faɗi abin da ke ranta. A lambar azurfa an sa gangar jikin wani tsohon gunki da ke Roma, wanda ake kira Belvedere Torso, ba kai, ba hannuwa, ƙafafu kuma sun gutsure a gwiwa, tare da kalma ɗaya ta Turanci mai nufin "yi nazari". Wato an miƙa wa ɗalibi tukuici, an kuma tuna masa bai gama koyo ba. Lambar zinariya, wadda ake danganta zanenta ga Giovanni Battista Cipriani, ta nuna Minerva, allahiyar hikima a wurin Romawa, tana nuna wa saurayi hanya mai hawa. John Bacon ne ya fara cin ta zinariya a fannin sassaƙa, a 1769.

Ƙarni na 19

A wannan zamani iyalin Wyon suka mamaye sana'ar, uba da ɗa da 'yan'uwa. A nan ne kuma fuskar mai fasaha ta fara ture ta sarki. Ƙungiyar Art Union of London, wadda aka kafa a 1837, ta shafe shekaru fiye da arba'in tana fitar da jerin lambobin tagulla, kowace da fuskar wani gwani a gaba da aikinsa a baya: Christopher Wren, alal misali, da majami'ar St Paul da ya tsara. Mai zane J. M. W. Turner, wanda ya rasu a 1851, an yi lamba da sunansa don masu zanen shimfiɗar ƙasa. Daniel Maclise ya zana ta, Leonard Wyon ya sassaƙa. Shi dai Leonard ɗin ne ya yi lambar zinariya ta ƙungiyar makaɗa ta Philharmonic Society don cikar gwanin tsara kiɗa Beethoven shekara 100 da haihuwa a 1870, inda ya kwaikwayi fuskar daga mutum-mutumin da Schaller ya sassaƙa.

Magina su ba su bi wannan sawu ba. Lambar zinariya ta ƙungiyarsu, RIBA, kyauta ce ta sarauta, don haka fuskar mai sarauta ce a gabanta, kuma Charles Robert Cockerell ne ya fara karɓar ta a 1848.

A yau

Ana ci gaba da bayar da lambobin RIBA da na makaɗa. Zaha Hadid ta karɓi ta RIBA a 2016, mace ta farko da ta same ta ita kaɗai.