Ma'aunin pH

Ma'aunin pH hanya ce da masana kimiyyar sinadarai suke bi wajen tantance ko ruwan da aka narkar da wani abu a cikinsa asid ne, ko alkali ne (wato kishiyar asid), ko kuwa yana tsaka-tsaki. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Søren Sørensen, shi ne ya ɓullo da shi a shekarar 1909, lokacin da yake aiki a ɗakin binciken Carlsberg da ke birnin Kopenhagen. Abin da ake aunawa shi ne yawan ayon ɗin haidirojin (wato ƙwayoyin zarra na haidirojin masu ɗauke da cajin lantarki) da ke cikin ruwan, kuma gwargwadon yawansu, gwargwadon ƙanƙantar lambar da za a samu.

Lambobin sukan tashi daga 0 zuwa 14. Duk abin da ke ƙasa da 7 asid ne, abin da ya haura 7 alkali ne, ita kuwa 7 ita ce tsaka-tsaki, wato matsayin tsantsar ruwa a zafin digiri 25 na Selsiyas. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, ruwan teku kuma wajen 8.1. Ruwan sama ma, duk tsabtarsa, yakan zo kusan 5.6, saboda iskar kabon dayoksaid da ke narkewa a cikinsa.

Abin da ya fi wuyar ganewa ga mai koyo shi ne, tazarar da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata ninki goma ce. Ruwa mai pH 4 ya ninka mai pH 5 sau goma a yawan ayon ɗin haidirojin, mai pH 3 kuwa ya ninka mai pH 5 ɗin sau ɗari. Shi ya sa likitoci ba sa raina ɗan sauyi a jinin ɗan Adam, wanda jiki yake tsare shi tsakanin 7.35 da 7.45. Lambar 7 ɗin ma ba a kafe take ba, domin idan tsantsar ruwa ya kai digiri 100, pH ɗinsa yakan sauko zuwa kusan 6.1 ba tare da ya zama asid ba.

Takardar litmus ita ce gwaji mafi sauƙi: shuɗiya takan koma ja a cikin asid, ja kuma ta koma shuɗiya a cikin alkali, amma ba ta bayar da lamba. Wanda yake buƙatar ainihin adadi sai ya yi amfani da na'urar lantarki mai sandar gilashi, irin wadda Arnold Beckman ya ƙera a Amurka a 1934, wadda dole a riƙa daidaita ta da ruwan da aka riga aka san pH ɗinsa kafin a fara awo.