Wuyar samuwar ɗan Adam hujja ce cewa Allah ne ya shirya?

Wannan muhawara tana yawan tasowa a fadojin ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, musamman masu karatun ilimin halittu.

Me ake nufi da cewa samuwar mutum abu ne mai wuyar faruwa?

Masana sun ce shekaru miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya a yankin Meziko, ya hallaka dinoza, manyan dabbobin nan na zamanin da, irin waɗanda ƙasusuwansu ke tsaye a gidan tarihi na Boubou Hama. Da dutsen ya kauce, da wuya dabbobi masu shayarwa su sami fili. Ƙoƙon kan Toumaï, wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, da aka tono a Chadi a 2001 ya kai shekaru kusan miliyan 7, kuma zuriyoyi da yawa irin tasa sun ƙare ba su bar baya ba. Tamu ce kaɗai ta rage.

To ba shi ke nan ba, akwai mai shiryawa?

Lissafi kaɗai ba zai kai mu nan ba. Ka ɗauka kakanka ya fara ganin kakarka ran kasuwa a Tawa. Da jakinsa ya yi gardama a hanya, da babu kai. Haihuwar kowa haka take idan aka waiwaya, amma ga mutane cike da gari. Abin da ya riga ya faru, komai wuyarsa, ba ya faɗin dalilinsa da bakinsa.

Sannan bayanin juyin halitta da masani Darwin ya kawo a 1859 ba sa'a ce zalla ba. Sauyi a ƙwayoyin gado yana zuwa ba tsari, amma muhalli yana tacewa. Muna ganin haka a asibitocinmu: mai ɗauke da ƙwayar sikila guda yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a yankinmu, duk da azabar da take ba yaron da ya gaji biyu. Su kansu masanan sun saɓa. Stephen Jay Gould yana ganin da za a maimaita tarihin rayuwa, da wuya mutum ya sake fitowa. Simon Conway Morris kuwa yana ganin halittu kan bi hanyoyi daban su iso wuri ɗaya, kamar ido da ya samu a zuriyoyi da dama.

Ke nan kimiyya ta kore hannun Allah?

Ko kaɗan. Awon ƙashi yana faɗin shekaru da yadda abu ya sauya, ba shi da ma'aunin nufi.

Ina mai imani zai tsaya?

Ni dai ina tsoron a ɗora imani kan abin da kimiyya ba ta gano ba tukuna, don gobe tana iya ganowa, yaro ya shiga ruɗu. Malamanmu sun daɗe da maganar sabubba. Imam Gazali ya ce idan wuta ta taɓa auduga ta ƙone, Allah ne ya halicci ƙonewar. A wannan fahimta, ruwan Agusta da kowa ke tsammani yana hannunSa daidai da dutsen da ya faɗa Meziko. Batun halittar Annabi Adamu kuwa nassi ne, wurin malaman tafsiri ake kai shi.